Kawu da Shirun Akwatin Sola

Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon Kawu aka kira.

Ran da aka kai shi makwanci tabarmin gidanmu ba su isa ba, sai da aka aro na masallaci. Sarkawa sun zo daga bakin ruwa da ƙarnin kifi a jikinsu. Matan kan dutse sun sauko da dawa a ƙorai, a kafaɗa kamar yadda suke ɗaukar kaya, suka yi mana irin addu'arsu ta coci, muka ce amin. Wani dattijon Bafillace da ke kawo wayarsa caji ya zauna bakin zaure tun la'asar har isha. Da zai tafi, abin da ya ce kawai shi ne, "Mutumin nan bai taɓa katse mini magana ba." Samarin kamfanin sola sun zo daga Yelwa bisa babur, ɗayansu ya yi ta kuka har maza suka ja shi gefe.

Kowa da abin da ya rasa. Amma na lura duk wanda ya gama gaisuwa, idonsa wuri ɗaya yake komawa: kan buzun Kawu, inda 'yata ke zaune. Shekara uku take nema. Ba ta kuka, ba ta wasa. Ta dafa buzun da tafin hannu biyu kamar mai son ji ko ƙasa na motsi.

Na ji wasu mata a bayana.

"Ita ce?"

"Ita ce. Mai sunan."

"To, mai riƙe da ita ya tahi. Allah shi sawwaƙe."

Ban juya ba. Uwa ba ta juyawa in ana maganar 'yar farinta.

Kawu yayan Innata ne, ciki ɗaya, kuma ɗansa nake aure. Shi ya sa kunyar suruki da ke tsakaninmu rabi ce. Ina iya zama gabansa, ina iya tambayarsa abu, in dai ban ɗaga ido ba.

Mahaifiyarsu wurin haihuwar Inna ta rasu. Aka binne ta a tsohon garinmu, kafin a tare kogi ruwa ya hau ya cinye garin. Kabarinta yanzu yana ƙarƙashin tafki, wajen da busassun itatuwa ke leƙo kai in ruwa ya ja baya. Da na haifi mace, Kawu ya ce a mayar da sunan. Ran suna aka faɗe shi sau ɗaya a ƙofar gida, can wajen maza. Tun daga nan babu wanda ya sake faɗa. Kawu ba zai kama sunan uwarsa ba, "Inna" yake ce wa yarinyar. Mijina "yarinyar nan" yake cewa. Maƙwabta "Mai suna". Ni kuwa "ke" ce kawai, ita ma sai in ba kowa.

Ta fara magana da wuri. Tana cewa ruwa, tana cewa kifi, tana cewa babu in ta cinye abu. Sai zafin bara ya zo da zazzaɓin nan mai sanƙarar da wuya. Muka kwana biyu a asibiti a Yelwa, Allah ya bar mana ita. Amma maganar ba ta biyo mu gida ba. Ba a hankali ta ragu ba, tsayawa ta yi cak, kamar an rufe tulu.

Goggo, ƙanwar babana da ke zaune a gungu, wani tsibiri can ƙetare, ita ta fara faɗin abin da sauran ke raɗawa. Ta ce mahaifiyar su Kawu ta mutu ba ta samu ta yi wa jaririyarta ko kalma ɗaya ba, shi ya sa ta zo aron baki. Maganinsa a ƙetara da yarinyar gungu, a yi mata wanka, a sauya mata suna, ta zauna can wajenta. Dama 'yar fari ba ta uwa ba ce. Ni ba ni da bakin hanawa. Mijina ma ba shi da shi. Kawu kaɗai ya ce a'a.

Ba don ya fi kowa sanin yara ba. Shi da injuna ya saba.

Ya yi shekaru a gidan waya, tun zamanin wayar igiya, kafin ya dawo gida. Da aka kawo sola garinmu sai aka ba shi mabuɗin ɗakin batura, wani ɗakin ƙarfe mai farin fenti a bakin ruwa. Can nake kai masa abincin rana, da yarinyar a bayana. Da tsakar rana wurin nan ba motsi. Jirage duk sun fita, tafkin ya kwanta kamar an shimfiɗa tasa, ba ka jin komai sai kukan batura ƙasa-ƙasa, wanda ya fi shiga haƙori da kunne.

A bango akwai wani akwatin ƙarfe, bai fi faifai faɗi ba. Ba shi da allo, ba shi da lasifika. Shi ke raba wa gidaje wuta. Bayan wani hadari mai tsawa a farkon damina wuta ta ɗauke, da aka mayar kuma akwatin ya ƙi tashi. Gari ya zauna ba wuta, kifi na lalacewa a firji.

Kawu yana da wata shuɗiyar waya, lebur kamar ganyen kaba, wadda yake kira cibiya. Ya cusa bakinta ɗaya a wani rami a bayan akwatin, ɗayan a tsohuwar kwamfutarsa. Allon baƙi ƙirin. Da ya kunna akwatin sai farin rubutu ya fara gudu yana hawa sama, kamar warangi, ƙananan kifin nan, in sun taso.

"Gaisuwar safe ce yake yi," in ji shi. "Yana cewa, na ga kaina, na ga agogona, na ga rumbuna. In ya gama lissafin jikinsa sai ya kama aiki."

Ni ba na karanta Turanci, amma ina gane siffar layi. Rubutun ya zo kan wani dogon layi mai lambobi a gaba, ya tsaya. Ƙarƙashinsa wani ɗan farin ɗigo yana ƙyaftawa. Muka jira. Shiru.

Na ce, "Kawu, ya mutu?"

"Sa hannu."

Na taɓa ƙarfen. Da ɗumi, kuma yana 'yar rawa a ƙarƙashin tafina.

"Kin taɓa ganin gawa na rawa?"

"To a kashe a sake kunnawa mana. Haka yara ke yi wa waya."

"Awo, shi ya sa wayoyinsu ba sa tsufa. Ba a kashe abin da ke da ɗumi sai an san mi yake ciki."

Bai taɓa akwatin ba. Nasa ɓangaren ya fara bincika. Ya zare cibiyar, ya hura bakinta, ya duba ta a hasken ƙofa. Ya ce zare uku ne ke aiki a cikinta: mai faɗi, mai ji, da na ƙasa wanda ke riƙe su biyun. In mai ji ya tsinke, sai ka rantse ɗan'uwanka ya yi gaba da kai, alhali kai ne ka kurumce. Ya ɗauko wata cibiyar ya gwada. Nan dai rubutun ya sake tsayawa, kan layin nan.

Washegari ya ce wataƙila sauri ne. Wani akwatin yakan fara magana da tafiya ɗaya, in ya kai tsakiya ya sauya ƙafa. Ya sauya wata lamba a kwamfuta ya kunna. Abin da ya fito ba rubutu ba ne, wasu 'yan ƙahoni ne da ƙugiyoyi, kamar sawun kaji a laka. Na ja baya ina a'uziyya, na zaci aikin aljanu ne.

Ya yi dariya har da tari. "Ba su ba ne, ɗiyata. Su ba sa jin Turanci. Shi yana tafiya, mu muna gudu, shi ke nan."

Ya mayar da lambar. Ya gwada wasu. Shiru dai.

Rana ta gaba na same shi zaune, bai taɓa abincin jiya ba. Ya nuna mini wani rami dabam a gefen akwatin, mai faɗi, ya cika da ƙura.

"Nan ake sa masa allo, in akwai. Babu. Ina jin da ya kai layin nan sai ya bar ƙofarmu ya koma waccan. Yana can yana ta zuba magana a ɗakin da ba kowa."

Kwana da kwanaki muna tsaye kansa muna cewa ya yi shiru, ashe yana ta kira.

Ya ce dabara ɗaya ce: a tare shi tun yana farkawa, kafin ya kama hanyar da ya saba. Ya buga wa samarin kamfani waya suka karanto masa abin da zai rubuta. Ya ɗora yatsa bisa maɓalli, ya yi bisimilla, ya kunna, ya danna da sauri. Rubutun ya dakata tun a farko, yana jiran umarni. Ya rubuta masa ɗan gajeren layi da yatsa ɗaya, wai ya ci gaba da magana ta nan ƙofar. Rubutu ya taso, ya zo kan dogon layin, ya wuce. Ya yi gaba kaɗan ya sake tsayawa, amma wannan karon da alamar tambaya a ƙarshe.

Kawu ya matso da ido. Ya daɗe.

"Tambaya yake yi. Tsawar nan ta birkita mai rumbu, yana neman izinin ya gyara. Tun ranar farko yake jira a ce mai i."

Harafi ɗaya ya danna. Kafin la'asar muka ji ihun yara daga gari, wuta ta dawo.

Shi bai yi murna ba. Ya juyo yana kallon bayana, inda yarinyar ta kwantar da kai, idonta biyu. Ya daɗe yana kallonta har na tsargu.

Tun daga ranar ya kama aiki a kanta. Ya tafa a bayanta, ba ta juya ba. Ya saki tasa a damanta, ko ƙyaftawa. Ya saki a hagunta, kafaɗarta ta ɗan motsa. Ya gwada murya sama, ya gwada ƙasa, da sauri, a hankali. Daga ƙarshe ya gano in ya kwantar da ita a ƙirjinsa, ya ɗora baki kan ƙashin bayan kunnenta na hagu, ya ja murya mai kauri a hankali ya ce "Innaaa", yatsun ƙafarta sai su naɗe. Da safe, lokacin da take buɗe ido, har takan ce "mm". Ni na ji da kunnena. Ya ce bayan kaka za mu kai ta babban asibiti a duba kunnen, amma kafin nan kada a bar ƙofar ta rufe.

Goggo ta ƙetaro ta same shi a haka.

"Kai tsohon banza, ɗiyar mutane ka mayar rediyo?"

"Ke da kika mayar da ita rigar aro fa?"

"Uwarka ce ke kiranta, kowa ya sani."

"Uwata ba ta taɓa ɗaukar abin wani ba tana da rai. Sai da ta mutu za ta koyi sata?"

"Ka dai ji da wayoyinka. Ran da ka faɗi, jirgina na nan."

"To ki shafa mai kwalta, kada shi ruɓe yana jira."

Suka rabu kowa na huci, amma da za ta tafi sai da ya sa aka cika mata wayarta da caji.

Akwai wani abu da yake yi mini wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba, ni ma yau na fara faɗa. In na kawo abinci yakan ɗauki kwanon ya fita, ya zauna bakin ƙofa ya ba mu baya, yana kallon ruwa. Ya san a gida ba ni da damar in sauke 'yata in ɗora ta a cinya in kalli fuskarta. A ɗakin batura nake yi. Ba ya shigowa sai ya yi gyaran murya, ko da kuwa tuwon ya daɗe da ƙarewa.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi, a ɗakin nan.

Ya ce, "Waya ɗaya ce ke shiga wajen yarinyar nan, kuma ta tsufa. Ina son ta biyu. Ki riƙa kiranta da safe."

"In ce mata mi? Inna? Ina da Innata."

"Tana da suna."

"Kawu!"

"Ni ba zan iya ba, uwata ce. Ke kunya ce kawai, kunya kuwa ba ta hana a ciro yaro daga rijiya."

Na ce ba kunya kaɗai ba ce. Na nuna masa ƙofa. Lokacin ruwa ya ja baya, kawunan itatuwan nan sun fito baƙaƙe, tsuntsu ko ɗaya ba ya sauka kansu.

"In na kira sunan nan, wace ce za ta amsa?"

Na zaci zai yi mini dariya kamar ta sawun kaji. Bai yi ba. Ya kalli itatuwan.

"Ban sani ba, ɗiyata."

Na goya 'yata na fita ban ɗauki kwano ba. Har yau ina ganin ba laifi na yi da na ji tsoro ba, tunda shi ma bai ce babu abin tsoro ba.

Bai ga kaka ba. Wata rana bayan azahar na kawo abinci na same shi jingine da bango a kan buzunsa, yarinyar kwance a ƙirjinsa, bakinsa dab da kunnenta, a buɗe kaɗan kamar yana tsakiyar kalma. Na yi sallama. Na sake. Sai na ajiye kwano na yi abin da ban taɓa yi ba, na taɓa hannun surukina. Da ɗumi. Amma babu rawar nan. Ita kuwa ta danne ƙirjinsa da hannu biyu tana jira. Da ƙyar na ɓanɓare ta.

Ran sadakar bakwai Goggo ta kira ni gefe. Ba da mugunta ba, har ta riƙe mini hannu. Ta ce gobe da hantsi za su ƙetara, in haɗa kayan yarinyar. Tun rasuwar ko "mm" ɗin 'yata ba ta sake yi ba. Mijina ya sunkuyar da kai. Inna, da ta zo zaman makoki, gidanmu ta kwana.

Gari ya waye, na idar da salla na zauna kusa da ita. Ina jin tsintsiyar Inna a tsakar gida. Daga bakin ruwa ina jin ana kwarfe jirgi. Na ga fatar idonta ta fara motsi. Na ɗauke ta na kwantar a ƙirjina. Na nemi ƙashin nan da leɓena. Na ce a raina, wadda duk za ta amsa, ta amsa.

Na kira sunan. Ba zan rubuta shi nan ba.

Tsintsiya ta tsaya.

Yarinyar ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba, ƙofa ta kalla, ta ɓangaren ruwa, ta daɗe. Sannan ta juyo a hankali. Ta ɗago hannu ta laluba wuyana, ta ɗora yatsu kan maƙogwarona, ta danna.

Na sake kira. Yatsun suka ƙara dannawa.

Labule ya ɗaga. Inna ce, da tsintsiya a hannu. Na zaci zagi zan sha. Sai ta zame ta zauna a bakin ƙofa.

"Sake faɗi in ji," ta ce. "Ban taɓa jin an kira ta ba."

Ina cikin na uku Goggo ta ƙaraso da gyalenta a kafaɗa, tana cewa rana na yi. Inna ba ta matsa daga ƙofar ba, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ki tahi da jirginki," ta ce. "Ana magana a ɗakin nan."

Har yau 'yata ba ta furta kalma ba. Hatsi ya fara nuna, kuma mijina ya ce da an gama yanka za mu tafi asibitin. Kullum da safe ina kira, ita kuma tana danna wuyana.

Allah, ga Kawu nan ya zo maka. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwanci, ka sa masa haske wanda ba ya ɗaukewa. In an zo yi masa tambaya, ka sa ya ji da kyau, ka buɗe masa baki ya amsa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.